Chiefs: a gyara katanga kafin a sayo mai gudu

Na san yawancinku Firimiya kuke kallo, amma yau ku yi mini haƙuri, ƙwallon Amurka zan taɓa. Tun daren da Philadelphia Eagles suka lallasa mu 40 da 22 a Super Bowl ban huce ba. Mutum ya hana idonsa barci tun ƙarfe sha biyu da rabi na dare, kafin a tafi hutun rabin lokaci an yi mana 24 da nema. Wallahi shayin ma kasa shansa na yi.

Tun daga ranar magana ɗaya nake ji a bakin magoya bayan Kansas City Chiefs: a sayo wa Patrick Mahomes babban mai cafke ƙwallo, wato ɗan wasan nan da ke shekawa gaba a jefa masa. Wasu na cewa Tee Higgins na Cincinnati, wasu na cewa a dawo da Tyreek Hill. Ni dai ban yarda ba. Akwai buƙata a wurin, amma ba ita ce ta farko ba.

Ku tuna abin da ya faru a filin. Sau 6 aka kayar da Mahomes da ƙwallo a hannunsa, kuma Eagles ba su ma turo ƙarin mutane ba, 'yan gabansu huɗu ne suka yi ta keta mu. Joe Thuney, wanda asalinsa ɗan ciki ne, shi aka tura gefen hagu ya toshe ɓaraka don babu wanda ya riƙe wurin. To don Allah, mutumin da ke kwance a ƙasa wa zai jefa wa ƙwallo? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan batun kuɗi. A NFL akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta kashe, a 2024 dala miliyan 255 ne da ɗoriya. Ba kamar Turai ba ne da mai kuɗi zai buɗe jaka ya kwashi wanda ya so. Justin Jefferson shi kaɗai dala miliyan 35 yake karɓa a shekara. Ka ba mutum ɗaya irin wannan kuɗin, dole ka sallami biyu ko uku a wani wurin.

Mu da kanmu mun gwada, mun ga amfanin haƙuri. A Maris 2022 aka sayar da Hill, aka karɓi damar zaɓen sabbin 'yan wasa guda biyar. Ranar an zagi Brett Veach kamar ba gobe. Me ya biyo baya? Kofi biyu a jere, ba tare da Hill ba. Ku kuma dubi Cincinnati a kakar 2024: Ja'Marr Chase ya cafke ƙwallo 127, ya fi kowa a gasar, amma ko wasannin kifa ɗaya ƙwala ba su kai ba.

Kar a ce na kauda kai daga matsalar. Rashee Rice ya ji rauni a gwiwa tun mako na huɗu na kakar 2024, ga shari'ar hatsarin motar Dallas da ta ja masa dakatarwa a 2025. Kwantiragin Hollywood Brown da DeAndre Hopkins da JuJu Smith-Schuster duk ya ƙare bayan kakar 2024. Travis Kelce shekararsa 35 a lokacin wancan Super Bowl ɗin, gudun da ya yi a da ba shi yake yi yanzu ba. Xavier Worthy kaɗai za ka bugi ƙirji da shi, yaron da ya ci mana biyu a wancan daren bayan aikin gama ya gama.

Da ni ne Veach, ga yadda zan jera. Na farko, mai tsare gefen hagu na gaskiya, ko a kasuwa ko da zaɓinmu na zagayen farko a watan Afrilu. Na biyu, kar a bari Trey Smith ya tafi. Na uku sai masu cafkewa: a ba Brown shekara ɗaya a kan kuɗi mai sauƙi, a ɗauko matashi mai jiki da tsawo a zagaye na biyu ko na uku. Masu gudu muna da su, wanda zai yi kokawa ya ƙwaci ƙwallo a cunkoso shi muka rasa. Rice ma ai a zagaye na biyu aka samo shi a 2023.

Abin da nake tsoro shi ne Mahomes ya cika shekara 30 a watan Satumban 2025. Duk dukan da ya sha yana rage mana wani abu a shekarun da suka rage masa. Mai cafkewa ana samu kowace shekara, irin Mahomes kuwa sai an daɗe.

Masu son Higgins, ina sauraronku. Amma duk wanda zai kawo sunansa, ya gaya mini wa za a sallama a biya shi.