An Yi Bincike a Gonarmu, Wa Zai Dawo Mana da Amsa?

Makon nan layi ya zo kanmu, kuma mun zo da magana a kan wasu baƙi da muka saba gani.

Duk wanda ya tashi tsakanin Jega, Aliero da Maiyama ya san su. Suna zuwa da jaka a kafaɗa da takardun tambayoyi, wani lokaci da ledoji da ƙananan kwalabe. Wannan ya ɗebi ƙasar fadama, wancan ya ɗebi ruwan rijiya. Wani ya tsuguna gaban rudu yana ƙirga albasar da ta ruɓe, wata ta shiga cikin gida tana tambayar mata yadda suke yaye yara. Wani kuma ya wuni wurin masu ɗorin Aliero yana kallon yadda ake haɗa karaya. Ɗaliban jami'a ne, wasunsu masu neman digirin digirgir. Dattawanmu su shimfiɗa musu tabarma, a kawo ruwa, a amsa musu duk abin da suka tambaya. Sai a yi sallama. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Ina amsoshin suke zuwa? Suna zama kundi mai kauri da Turanci, a yi masa bango mai ƙarfi, a kai ɗakin karatu. Mai kundin ya zama Dakta, mu yi masa barka a Facebook. Manomin da aka auna albasarsa kuwa ba zai taɓa jin abin da aka gano ba, kuma baɗi haka za ta sake ruɓe masa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Farfesa Attahiru Jega, ɗan garinmu, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Northwestern ta Amurka a 1985. Abin da ya yi nazari a kai shi ne manoma da aikin noman rani na Bakolori, kusa da Talata Mafara, inda aka karɓe gonakin mutane saboda madatsar ruwa, har rikicin ya kai ga kashe manoma a 1980. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu nawa a zauren nan muka san da wannan aiki? Mun san shi da shugabancin INEC daga 2010 zuwa 2015, amma binciken da ya yi a kan talakawa irin iyayenmu ya tsallake mu.

Kada a ɗauka laifin ɗaliban muke gani. Wanda ya zauna kusa da mai neman digirin digirgir ya san ba hutu yake yi ba. Da yawansu malamai ne masu iyali, da albashinsu suke sayen sinadaran gwaji, su biya kuɗin mota zuwa ƙauyuka, su biya kuɗin buga maƙala a mujalla. Mai nazarin ƙwayoyin cuta ya shirya gwajinsa, a ɗauke wuta, aikin mako guda ya lalace. Mai nazarin tarihi ya yi tafiya don ganin wani tsoho, ya tarar an yi bakwai ɗinsa. Mai nazarin noma dole ya jira damina, in ruwa ya yi gardama shekara ta tafi. Ga jiran malami mai duba aiki, ga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas. Wanda ya fito daga wannan, da wuya ya sami sauran ƙarfin zama ya mayar da shafi ɗari uku zuwa Hausar da Inna za ta fahimta. Kuma jami'a ba ta ba shi maki a kan hakan.

To a nan aikinmu yake. Muna yawan kuka cewa labaranmu sun zama iri ɗaya, soyayya da kishiya da ɗan mai kuɗi da ya dawo daga Landan. Alhali tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, a ƙofar gidanmu, ga ta tarayya a Birnin Kebbi, ga ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ɗakunan karatunsu cike suke da kundaye a kan albasa, shinkafa, kifi, ruwan sha, zazzaɓin cizon sauro, kasuwanci da tarihin masarautu. Su suna da binciken, mu muna da harshen da kuma masu karatu a waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma an taɓa yi. Littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, asalinsa kundin digirin digirgir ne na Jami'ar Ibadan, da taimakon Waziri Junaidu aka yi shi. Daga baya masana suka fassara shi da Hausa, jikokin waɗanda aka yi tarihinsu suka iya karantawa da harshensu. Kafin wannan ma, Nana Asma'u ba ta bar ilimi a hannun masu Larabci kaɗai ba. Ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, jajoji suka kai wa mata har ƙauyukansu. Abin da muke kira a yi, gadonmu ne.

Za a ce mana, ku masu difloma, ina ku ina kundin Dakta? Ba za ku ɓata ma'ana ba? Wannan tsoro yana da tushe. In aka yi kuskure a adadin maganin feshi, ko aka ce wani ganye yana warkar da cuta alhali a ɗakin gwaji kawai aka jarraba shi, ana iya cutar da mutane. Maganin abin shi ne kada mu yi aikin mu kaɗai. Mu nemi mai kundin, mu gaishe shi, mu ce, "Malam, me ka je nema, me ka samo, me manomi zai yi da shi gobe?" Mu rubuta, mu koma mu karanta masa, ya gyara. Inda ya ce bai tabbatar ba, mu ma mu rubuta cewa bai tabbatar ba. Mu ambaci sunansa da jami'arsa da shekarar aikin, don haƙƙinsa ne. Rashin babban digirinmu ma yana da amfani, domin abin da ya shige mana duhu zai shige wa mai karatu duhu, kuma mu ba ma jin kunyar sake tambaya.

Ga shawararmu ga zaure. Kowannenmu ya ɗauki kundi ɗaya da aka yi a kan garinsu ko sana'ar gidansu, ya fitar da shafi biyu na Hausa mai sauƙi. Wanda ya fi ƙwarewa a labari ya saka abin a bakin taurarinsa, mai waƙa ya yi waƙa, mai murya ya naɗa a tura ta WhatsApp saboda waɗanda ba sa karatun boko. Sannan a koma wurin dattijon da ya shimfiɗa tabarma, a ce, "Baba, ga abin da yaron nan ya gano." In Baba ya ce ba haka ba ne, shi ma a rubuta, a kai wa Dakta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu nan mun ɗauki na ajiyar albasa, tunda da kuɗinta aka biya mana makaranta. Wanda ya zaɓi nasa ya faɗa a ƙasa don kada mutum biyu su haɗu a kan kundi ɗaya. Allah ya ba masu bincike sauƙi, mu kuma ya yi wa alƙalumanmu albarka.