Wa Zai Koya Wa Malamin Firamare Kimiyya?

A 2014 da aka fara aiki da manhajar da hukumar NERDC ta yi wa kwaskwarima, kimiyya da fasaha da ilimin kwamfuta suka koma ƙarƙashin darasi guda a firamare. A takarda ke nan. Wanda ya leƙa aji a cikin garin Bauchi ya san yadda ake yi: malam ya cika allo da bayanin yadda ruwa ke zama tururi, yara su kwafa, su yi ta rerawa har a buga ƙararrawa. Lissafi kuma sai an dawo daga tara, kamar shi da kimiyya ba su taɓa haɗa hanya ba.

Ba mu ga laifin malam ba. Yadda aka koya masa haka yake koyarwa. Mai takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar malanta a ƙasar nan, ya fito ne daga kwaleji inda kowane fanni ke da sashensa da jarrabawarsa. Wani ma Hausa ko Larabci ya karanta, rashin ma'aikata ya sa hedimasta ya ɗora masa kimiyya.

Abin da ake nema ba wani baƙon abu ba ne. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya biyu na ƙasa: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen ƙyalle. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar yana tafiya da zafi, sai kayan miyan da ke ciki su daɗe ba su lalace ba. A kawo wannan tukunya cikin aji biyar. Yara su auna yashin da mudu, su auna ruwan da gora, su ajiye tumatir ciki da waje, su riƙa rubuta kwanakin da kowane ya yi. Wasu su kai tasu inuwar darbejiya, wasu su bar ta a rana. Kimiyya da ƙira da lissafi duk sun shiga, ba a nemi wutar lantarki ba. Amma fa sai malamin da ya taɓa haɗa tukwanen da hannunsa ne zai iya tsayawa idan wata yarinya ta ce, "Malam, me ya sa ba ta sanyi sosai da damina?"

Bitar kwana uku a ɗakin taro, a raba jaka da kuɗin mota, a ɗauki hoto a watse, ba ta samar da irin wannan malami. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma a ciki akwai rabon horar da malamai. Muna so takwararta ta jiha, SUBEB ta Bauchi, ta sake duba yadda ake kashe nata kason.

Jihar ba ta rasa masu koyarwa ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, tana da tsangaya ta horar da malaman kimiyya da fasaha. Ga kwalejin ilimi ta Kangere a bayan gari, ga ta Aminu Saleh a Azare. Bauchi ta kuma ga salon da shirin Mu Karanta ya bi wajen koyar da karatu: littafin yaro da jagoran malami cikin Hausa, da jami'an da ke bin malami har aji su zauna su ga darasinsa, su gyara masa. Wannan bibiyar ce ke da wahala, ita ce kuma aka fi saurin yasarwa idan kuɗin masu tallafi ya ƙare.

Don haka muna kira ga kwalejojin biyu da kada su tura ɗalibi aikin gwajin koyarwa sai ya ƙera wani abu da kayan da ake samu a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, ya kuma koyar da shi gaban yara. Malaman da ke bakin aiki kuwa a riƙa haɗa na makarantu huɗu ko biyar da ke maƙwabtaka sau ɗaya a wata, malaman jami'a da na kwaleji su zo su same su a can, a lissafa halartar cikin sharuɗɗan ƙarin girma. SUBEB ta fara da 'yan makarantu a cikin gari daga zango mai zuwa, ta kuma bayyana sunayensu don iyaye su je su gani.