Ku daina tura mutane firiza da faifan ajiyar kwamfuta

Ɗan'uwa, in laftop ɗinka ta fara ƙas-ƙas a Tozai, wani ya ce ka cire faifan ajiyarta ka kai firizar mai ƙanƙara a Illela, kada ka yarda.

E, wani lokaci yana tashi. Sanyi na sa ƙarfe ya ɗan tsuke, sai injin da ya cije ya samu ya juya. Na 'yan mintoci ne fa, da ya ɗumama shi ke nan.

Amma masu shawarar ba sa gaya maka sauran. Kana fito da shi cikin zafin nan namu, raɓa za ta kwanta a kan farantin ciki, kamar jikin kwalbar lemo mai sanyi. Tsakanin farantin da allurar da ke karanta shi ko kaurin gashi babu, ga shi yana juyawa sau 5,400 a minti. Ruwa ya shiga tsakani, allura ta karce shi. Hotunan biki, lissafin shago, ko ƙwararre a Sakkwato ba zai dawo da wurin da ya karce ba.

In tana buɗewa, kwashe kayanka zuwa filash yau ɗin nan. In ta ƙi, kashe ta ka kai wa mai gyara.