Lissafin Hayaniyar Birni da Abin da Kunne Ke Sha

Ma'aunin ƙarfin sauti, wato desibel, ba ya taruwa kamar kuɗi a asusu, domin idan injuna biyu kowanne yana fitar da desibel 60, jimillarsu 63 ce, kuma damuwar mutumin da ke kwance tsakaninsu ba lallai ta bi wannan lissafi ba. A 1978 masanin Amurka Theodore Schultz ya tattara binciken jin ra'ayin mazauna birane, ya nuna alaƙar ƙarfin ƙara da yawan waɗanda ta gallaba, sai dai daga baya an gano cewa kowace ƙara da irin cizonta, shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai da kada matsakaicin ƙarar motoci ya wuce desibel 53, na jirgin ƙasa 54, na jirgin sama kuwa 45 kacal. A 2004 Henk Miedema na ƙasar Holan ya kawo dabarar mayar da kowace ƙara zuwa ƙarar motar da ke haddasa damuwa iri ɗaya, sannan a haɗa su.

Dabarar ta yi, amma kan ababen hawa aka gina ta. Gidan da ke kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano, inda janareton maƙwabci ke ruri bayan taga, injin niƙa na kuka tun hantsi, ya fi ƙarfin wannan lissafi. Don haka wajibi ne hukumar kare muhalli ta Nijeriya, NESREA, mai ƙa'idojin hayaniya na 2009, ta haɗa awon na'ura da tambayar mazauna gida-gida.