Mai Ciwon Sukari Da Batun Mazarƙwaila

Duk wanda ya ratsa ƙasar Maƙarfi da Kudan da Ikara a lokacin yankan rake, ya ga irin albarkar da ke kwance a fadamun wannan yanki. To amma akwai wata magana da ta bazu, wadda nake ganin tana cutar da jama'a, wato wai mai ciwon sukari ya guji sukarin kwali, amma ba laifi ya dama kununsa da mazarƙwaila tunda ba a masana'anta aka yi ta ba.

Mai karatu, jiki bai san wannan bambanci ba. Mafi yawan abin da ke cikin mazarƙwaila sukari ne iri ɗaya da na kwali, sai ɗan ma'adinai kaɗan. Idan ya isa hanji ya narke, gulukos ɗin da ke cikinsa zai shiga jini, sa'annan gaɓar nan ta bayan tumbi mai suna fankiriyas ta saki sinadarin insulin domin ya shigar da shi cikin ƙwayoyin jiki. Mai ciwon sukari kuwa, ko dai insulin ɗinsa ya gaza, ko kuma jikinsa ya daina amsa masa yadda ya kamata.

A shekarar 1981 ne Dakta David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka fito da ma'aunin da ke nuna saurin da abinci yake ɗaga sukarin jini. Aka ba gulukos maki 100. Abin mamaki, sukarin shayi ya tsaya wajen 65, alhali farar shinkafa da burodi sukan kai 70 ko su haura. Wake da gyaɗa kuwa suna can ƙasa da 55. Ashe ke nan dattijon da ya ƙaurace wa zaƙi amma yake cinye malmala uku ta tuwon shinkafa bai tsira ba tukuna.

Sai dai ma'aunin bai faɗi yawan abin da aka ci ba. Kankana makinta na da yawa, amma kusan duk ruwa ce. Don haka a ganina a rage malmala, a yawaita miyar ganye, a haɗa shinkafa da wake, a kuma sassauta surfen hatsi domin dusar tana rage saurin narkewa. Wanda kuma yake yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ya je asibiti da safe kafin ya karya kumallo a auna jininsa. Idan ya kai milimol 7.0 a kowace lita, likita zai sake gwaji don tabbatarwa.