Ɗan Bafarawa na takarda da ɗan Bafarawa na gaske

A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar cewa likitoci da sauran ma'aikatan lafiya za su riƙa yin aikin dole na shekara biyu a karkara, tare da ɗan ƙari a kan albashi. Ba ni da ja a kan niyyar. Sai dai likitan da aka tura Isa ko Sabon Birni da takardar umarni, tun ranar da ya ajiye jaka yake lissafin ranar tafiya. Iyalinsa na birni, 'ya'yansa na makarantar birni, zuciyarsa na can. Ba na ganin laifinsa. Maganar wa zai zauna a asibitin karkara an gama yanke ta shekara takwas kafin nan, ranar da aka liƙa sunayen waɗanda suka samu gurbin karatun likita.

Mu ɗauki yaron da aka haifa a Bafarawa ta yankin Isa, ya yi firamare da sakandare a wannan yanki, yana da kai, yana kuma son ya zama likita. Kafin ya yi rajistar JAMB sai yana da lambar NIN, sai kuma layin waya da za a turo masa saƙo. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Jarrabawar kuma a kwamfuta ake yin ta. Ga shi nan zaune a gaban allon, ya kama linzamin da hannu biyu, kibiyar na zille masa, agogo na tafiya, na kusa da shi kuwa tuni ya wuce tambaya ta goma. Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks zai amsa, alhali wataƙila bai taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta ba, a jikin allo kawai malam ya zana masa shi da alli. A 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar a ƙasa baki ɗaya, sama da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Karatun likita kuwa sama da nan yake farawa.

Za a ce ai akwai kason da aka ware. Haka ne. Jami'o'in tarayya, ciki har da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Sakkwato na cin moriyar wannan tsari. Amma lissafin a kan jiha ya tsaya, bai gangaro ƙauye ba. Abin da ake dubawa shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ita kuwa wannan takarda ba ta tambayar inda ka kwana jiya. Yaron da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi, yake zuwa gida da salla idan hanya ta yi kyau, shi ma ɗan Isa ne a takarda. Ɗanmu ne, ba mai kore shi. Amma in an ba shi gurbi da sunan Isa, kada a yi mamaki in bai dawo Isa ba, domin dama ba daga nan ya tashi ba.

A Amurka akwai makarantun likitanci na tafarkin ostiyofati, wanda Andrew Taylor Still ya buɗe wa makarantar farko a garin Kirksville na Jihar Missouri a 1892. Kada wani ya ɗauka maɗora ne. A yau cikakkun likitoci ne masu rubuta magani da yin tiyata, digirinsu DO, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar a irin waɗannan makarantu suke. Mu ba mu da wannan tafarki a jami'o'inmu, ba kuma cewa nake a kawo shi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda wasunsu ke zaɓen ɗalibi. Mai nema yana kawo makinsa na jarrabawa kamar kowa, amma sai ya rubuta bayanin inda ya tashi da abin da ya taɓa yi wa mutanen wurin, sai an kira shi an yi masa tambayoyi ido da ido. Makarantar da jami'ar A.T. Still ta buɗe a Arizona a 2007 an gina ta ne a kan tsarin ɗalibi ya yi yawancin karatunsa a cibiyoyin lafiya na unguwannin talakawa, har ta ba irin waɗannan cibiyoyi damar su tsaya wa ɗan unguwarsu su ce mun san shi, a duba mana shi. A 2020 Jami'ar Jihar Oklahoma ta buɗe reshe a Tahlequah, hedikwatar al'ummar Cherokee, don ɗalibi ya koyi aiki a cikin mutanen da ake fata zai zauna da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi haka tun 2010, ta maimaita a 2021: cikin hanyoyin samun ma'aikacin lafiya da zai daɗe a karkara, ɗaukar ɗalibin da ya tashi a karkara na sahun gaba. Ba ma sai mun tsallaka teku ba. Daga 2012 an yi wani shiri na mata a Kano, Katsina, Jigawa, Yobe da maƙwabciyarmu Zamfara, da tallafin Birtaniya. Mutanen ƙauye ke fitar da 'yarsu, ko da matar aure ce mai goyo, a ba ta karatun share fage ta gyara kiredit ɗinta, ta shiga makarantar ungozoma ko ta jinya, bisa alkawarin za ta dawo gida ta yi aiki. Mazajen da aka ce ba za su taɓa yarda ba, da yawansu sun yarda, saboda sun ga matansu ne za su huta da haihuwa a hannun namiji ko a bayan babur a kan hanyar asibiti.

To me zai hana a yi wa karatun likita haka? Gwamnatin jiha na kashe kuɗi wajen ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci. Ta ware wani kaso na wannan kuɗi ga gabashin jihar, ta ce shaida ita ce makarantar da ka yi, a ga sunanka a rajistar firamare da sakandare na yankin. Yaran da gudun hijira ya kai su Sakkwato ko Maraɗi su ma a lissafa da su, domin ba da son ransu suka fita ba. A ɗauke su tun suna aji biyu na babbar sakandare, a ba su shekara guda ta share fage da ɗakin gwaji na gaske da kwamfuta. Rabi su kasance mata.

Na san abin da malaman jami'a za su ce: ba a yi wa ran ɗan Adam rangwame. Gaskiyarsu. Ba wanda ya ce a sassauta jarrabawar da ake kora a kanta, ko ta fita. Wanda bai iya ba, a sallame shi ko ɗan waye. Rangwamen a ƙofar shiga yake, shi ma bayan an ba yaro abin da aka hana shi tun farko. Maki 230 da aka samo da fitilar waya a garin da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe ba daidai yake da 230 na mai malamin darasi a gida ba, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san haka.

Abin da na fi tsoro daban ne. Da zarar an ce al'umma ce za ta tsaya wa yaro, sai gurbin ya koma hannun mai uwa a gindin murhu. Hakimi na da ɗa, ciyaman na da ƙane, ɗan majalisa na da yaron da ke riƙe masa jaka. Yankin nan ya fitar da gwamna, Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, daga 1999 zuwa 2007, ya fitar da manyan ma'aikata, don haka masu ƙafa ba su yi mana kaɗan ba. Maganin wannan shi ne a yi komai a fili: jarrabawar tantancewa ɗaya, a liƙa sunaye da maki da sunan makarantar kowa a sakatariya, a karanta a rediyo. Wanda aka cusa, mutanen garinsu za su gane shi kafin la'asar.

Sai maganar tsaro, wadda ba ta kaucuwa. Ɗan gari ma ana sace shi, wani lokaci ma shi aka fi sani. Ba adalci ba ne a ce wa yaro mun biya maka karatu, je ka zauna inda jami'in gwamnati ba ya kwana. Yarjejeniyar ta hau kan ɓangare biyu: shi ya yi shekarun da aka ƙayyade, ita gwamnati ta ba shi gida a cikin asibiti mai katanga da masu gadi, da wuta, da wurin ajiyar jini, da motar ɗaukar mara lafiya, da tabbacin za a sake shi ya je ƙaro karatu in ya cika alkawari. In ta gaza nata, ba ta da bakin neman nasa.

Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce a 2024 likitoci kusan 55,000 ne suka rage wa ƙasar, kuma wajen 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun nan. Waɗanda suka rage ma Legas da Abuja sun kwashi kaso mai tsoka. Sabon Birni ba za ta iya gasar albashi da Landan ko Riyad ba. Karatun shekara shida ne, sai shekarar sanin makamar aiki, sai ta bautar ƙasa. Yaron da aka ɗauka bana sai bayan shekara takwas zai duba mara lafiya na farko a Isa, wanda ya wuce wa'adin duk gwamnan da zai sa hannu a takardar. Ina zaton wannan ne ya sa har yanzu ba a sa hannun ba.