Baƙuwar Tsutsa da 'Yar Gida a Gonar Masara

A damina da ta gabata na je gaida kawuna a wani ƙauye na ƙasar Dawakin Tofa, na iske shi tsakiyar gona yana buɗa zuciyar masara ɗaya bayan ɗaya. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, tsutsar kara da muka gada ta yi mana sauƙi, amma wannan baƙuwa ba ta jin magani." Ya ɗauki na farko a matsayin rahama, na biyu kuma jarrabawa. Ni kuwa a ganina labari ɗaya ne, kuma abin da ya fara nuna mini haka wani al'amari ne da ya faru nesa da mu ƙwarai.

A dazuzzukan itacen fayin na Japan da Sin akwai wata tsutsa da ido ba ya gani sai da madubin likita, daga jinsin da masana ke kira nematod. 'Yar gida ce, ta daɗe tana zaune cikin itacen ba tare da ta yi masa wata babbar illa ba. Sai 'yar'uwarta ta zo daga Amurka ta Arewa, a ɓoye cikin katako. An fara ganin ɓarnarta a Nagasaki a 1905, amma sai a 1971 aka tabbatar ita ce ke busar da itatuwa. Ta isa Nanjing a 1982, ta isa Fotugal a 1999. Kamanninsu ɗaya, abincinsu ɗaya, ƙwaron da ke ɗaukarsu daga bishiya zuwa bishiya ma ɗaya. Sai dai baƙuwar ta fi saurin hayayyafa, don haka inda suka haɗu, 'yar gida sai ta yi ta raguwa. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ta fi shekara ɗari ba ta bushe ba.

To, mu dawo gonar kawu. Baƙuwar da yake kuka da ita daga nahiyar Amurka take, kuma a farkon 2016 masu bincike na cibiyar IITA da ke Ibadan suka tabbatar da shigowarta Afirka. Ba ta da wuyar ganewa: akwai zane mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu kusa da wutsiya, kuma takan bar kashi kamar garin katako a zuciyar shuka. Uwarta, wadda irin malam-buɗe-littafin dare ce, tana zuba ɗaruruwan ƙwai, cikin kamar wata guda kuma 'ya'yan sun zama iyaye. Ga shi tana cin 'yan'uwanta, balle bare. Binciken cibiyar icipe ta Nairobi ya nuna cewa idan ta haɗu da tsutsar kara a shuka ɗaya, ita ke rinjaye. Saboda haka sauƙin da kawu ya gani bai kwantar mini da hankali ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ilimin da ke neman tashi a banza. Tsutsar kara takan kwanta cikin busasshen karan dawa duk tsawon rani, a jikin danga da rufin ɗaki, sai ruwa ya sauka ta farka. Manomi ya san maƙwancinta, kuma tun da daɗewa masana na Samaru suka nuna cewa babbaka kara sama-sama bayan girbi yana kashe mafi yawanta ba tare da an yi asarar karan ba. Baƙuwar ba ta kwanciyar rani. Inda akwai ɗanyen ganye nan take, kuma noman rani ya tanadar mata shi. Ko ka babbake karanka duka, za ta taso daga fadamar wani cikin dare ta same ka.

Sai manomi ya koma ga feshi, sau uku, sau huɗu, yawanci da rana tsaka lokacin da tsutsar ta nutse can cikin zuciyar masara. Maganin bai isa gare ta ba, amma ya kashe tururuwa da zanzaro da sauran ƙwarin da ke cinye ta. Kuɗin taki ya tafi a kwalba. A ƙaramar hukumar da ke ɗauke da kasuwar Dawanau, inda hatsin Afirka ta Yamma ke haɗuwa, abin kunya ne a ce mai shagon magani ne malamin gonan talaka. Mu ma na jami'a ba mu fita ba. Takardunmu da Turanci suke, a kan kanta.

Kafin in tafi na roƙi kawu ya riƙa zagaya gonar sau biyu a mako tun shuka tana ƙarama, ya murtsuke ƙwan da ya gani a ganye, in kuma feshin ya zama dole ya yi shi da sassafe ko da yamma, ya saita bakin famfo cikin zuciyar shukar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna mini kunya biyu da ya zuba wa toka da yashi tun mako guda da ya wuce. Muka buɗa shuka goma tare, muka sami tsutsa mai rai a guda uku.